Ƙara tsawon wayar famfon tafkin kifi mai bolt 12: ina na yi kuskure?

Baban_Ilham: Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina neman shawarar masu sanin harkar wuta. Na gina ɗan tafkin kifi a bayan gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, tsawonsa mita 3, faɗinsa mita 2. Na zuba karfasa da 'yan kifayen ado saboda yara. Na sayi ƙaramin famfo irin wanda ake nutsarwa cikin ruwa, a jikinsa an rubuta 12V DC, 36W. Ya zo da taransfomarsa da ake sokawa a soket, da waya mai tsawon mita 5. To soket ɗin da ya fi kusa yana baranda, kuma bayan inda wayar ta ƙare akwai sauran mita 20 kafin a kai bakin tafkin. Sai na yanka wayar tsakanin taransfoma da famfo, na ƙara da ragowar siririyar wayar da muka ja wa fitilun tsakar gida, na naɗe mahaɗar da baƙin salatif.

Kafin in yanka na gwada shi a baho kusa da soket, ruwan yana tashi har ƙuguna. Yanzu da ƙyar yake kai gwiwa. Wani lokacin ma sai ya yi kamar zai tashi, ya ɗan yi gurnani, ya tsaya. Shin famfon ne na lalata, ko wayar ce? Kuma idan wayar ce, wace iri zan saya?

Sani_Rigasa: Wa alaikumus salam. Alhaji ni a ganina ba wayar ba ce. Bolt 12 ai ƙaramar wuta ce, ko wayar rediyo za ta ɗauke ta. Duba matatar da ke bakin famfon, wataƙila ganyen mangwaro ne ya toshe ta.

Injiniya_Mai_Sola: Wa alaikumus salam Alhaji. Malam Sani, duba matata shawara ce mai kyau, amma maganar waya akasin haka take. Ƙaramin bolt shi ya fi buƙatar waya mai kauri. Bari in yi lissafin a fili don kowa ya bi.

Idan ka raba wat da bolt za ka sami amfiya, wato ma'aunin yawan wutar da ke bi ta cikin waya. 36 a raba da 12, amfiya 3 ke nan famfon yake ja. Wuta kuma zuwa take yi ta dawo, ta sili ɗaya ta je ta ɗayan ta komo, don haka mita 20 ɗin Alhaji a wajen lissafi mita 40 ne. Kowace waya tana da turjiyar da take yi wa wuta. Da om ake auna turjiyar. Jan ƙarfe mai kaurin lamba 1, wato murabba'in milimita 1, yana da kusan om 0.0175 a kowace mita, kuma gwargwadon ƙaruwar kauri gwargwadon raguwar turjiyar.

Wayar fitila irin wadda Alhaji ya ambata yawanci lamba 0.75 ce. A mita 40 turjiyarta ta kai om 0.93. Ka ninka da amfiya 3, kusan bolt 2.8 sun zube a hanya, sun zama ɗumi a jikin waya. Abin da ke isa ga famfon bai wuce bolt 9 da 'yan kai ba. Da a ce wutar gida ce mai bolt 230, asarar bolt 3 ba wanda zai lura da ita. Amma a cikin 12 ka cire kusan 3, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi. Wannan gurnanin da tsayawar da yake yi alama ce ta yunwar wuta.

Sani_Rigasa: To madalla, na ƙaru Injiniya. Wallahi tun da nake na ɗauka kaurin waya da yawan bolt yake tafiya.

Injiniya_Mai_Sola: Mutane da yawa haka suka ɗauka. Kaurin robar da ke lulluɓe da waya shi ke bin bolt, kaurin ƙarfen ciki kuma amfiya yake bi. Dubi wayar da ke zuwa kan batirin mota, bolt 12 ce kawai amma ta kai yatsa kauri, saboda sitata tana jan amfiya sama da 100 lokacin tayar da inji.

Baban_Ilham: Allah ya saka da alheri Injiniya. To lamba nawa zan saya?

Injiniya_Mai_Sola: A tazarar taka, lamba 1.5 za ta zubar da bolt 1.4, har yanzu da yawa. Lamba 2.5 za ta zubar da kusan 0.8. Lamba 4 kuma ɗan sama da rabin bolt. Ni da gidana ne lamba 4 zan sa in huta. Amma kafin ka kashe ko sisi, ka ari mitar auna wuta ka auna a wuri biyu famfon yana aiki: a bakin taransfoma, da kuma a mahaɗar da ke kusa da tafki. Lallai sai yana aiki, domin idan ba a jan wuta mita za ta nuna maka 12 cif a ƙarshen ko wace irin waya, ta yaudare ka.

Danladi_Wayarin: Ni kuma tambayata, me ya sa za a wahalar da kai? A ja wayar wutar gida daga baranda zuwa kusa da tafkin, a kafa soket a can, a soka taransfoma, a bar wayar famfon yadda kamfani ya yi ta. A bolt 230 wannan famfon ko rubu'in amfiya ba ya ja, wayar 1.5 ta ishe shi har da ragi. Na yi wa mutane da dama haka.

Hajiya_Umman_Sadiq: Malam Danladi ka yi haƙuri in sa baki, ko da yake ni ba ma'aikaciyar wuta ba ce. Alhaji ya ce saboda yara ya yi tafkin. Ai dalilin da ya sa ake sayen mai bolt 12 tun farko shi ne kada babbar wuta ta je inda yara ke wasa da ruwa. Idan aka kai soket bakin tafki, me aka yi ke nan? Da damina nan wurin duk jiƙewa yake, yara kuma ba takalmi suke sawa ba.

Danladi_Wayarin: Hajiya gaskiyarki, amma ba haka kawai ake ja ba. Akwai wayar da ake binnewa mai sulken ƙarfe, akwai akwatin soket da ruwa ba ya shiga, sannan a sa na'urar nan da ke katse wuta idan ta fara zurarewa, RCD mai miliamfiya 30. Idan an yi shi bisa ƙa'ida babu matsala.

Injiniya_Mai_Sola: Abin da Malam Danladi ya faɗa hanya ce da ake bi, kuma idan tazarar ta kai mita 50 ko 60 kusan ita ce mafita, don wayar da za ta ɗauki bolt 12 zuwa can kuɗinta zai fi na famfon. Amma a mita 20 ina bayan Hajiya. Na farko, gidaje nawa ne a cikinmu suke da RCD, ko ma wayar ƙasa (wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa) mai aiki da gaske? Na biyu, yawancin taransfomomin da ke zuwa da waɗannan ƙananan famfuna na cikin ɗaki ne. Alhaji ka juya bayan naka ka karanta. Idan ka ga hoton ɗan gida, ma'anarsa a ajiye shi a cikin gida. Ko ka ga IP44, feshin ruwa kawai yake jurewa, ba zama cikin ruwa ba.

Hajiya_Umman_Sadiq: Tun da ana maganar, bari in ba ku labarin abin da ya same ni bara, don Alhaji ya san abin ba na wasa ba ne ko ta ɓangaren kifin. Nawa tafkin na siminti ne, kusan girman nasa. Wani yaro mai gyara ya ƙara mini waya, ya murɗa silin da hannu ya naɗe da salatif, ya tura mahaɗar ƙarƙashin tukunyar fulawa. Wata uku lafiya lau. Ranar da abin zai faru cikin watan Afrilu ne, ana tsananin zafin nan da ko da dare iska ba ta motsi. Da asuba na fito alwala sai na ji shiru, babu ƙarar zubar ruwa. Na haska fitila, na ga kifayen duk sun taso sama suna buɗe baki. Manyan guda shida sun riga sun juya ciki. Na ɗebi ruwa da bokiti ina kwararawa daga sama har gari ya waye, da haka sauran suka tsira. Da aka warware salatif ɗin, wayar ciki ta zama kore shar, tana marmashewa a hannu kamar busasshen ganye. Ruwan da nake ba fulawa kullum shi ya riƙa shiga.

Abu_Kifi_Zariya: Allah ya mayar da alheri Hajiya. Abin da kika gani haka yake. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska kamar mai sanyi: a digiri 20 lita ɗaya tana ɗaukar kusan miligiram 9 na iskar da kifi ke shaƙa, a digiri 30 kuma wajen 7 da rabi. Sannan da dare gansakuka da ciyayin ruwa su ma shaƙa suke yi maimakon su bayar, shi ya sa gab da asuba ne iskar ta fi ƙaranci. Tarwada tana iya tasowa ta shaƙi ta sama ta rayu, amma karfasa da kifin ado ba su da wannan dabarar. Don haka Alhaji, famfon da ke tsayawa yana tashi da kansa abin tsoro ne ga irin kifinka. Kafin ka gyara, rage musu abinci, musamman na yamma.

Baban_Ilham: Subhanallahi. Hajiya Allah ya mayar miki. Malam Abu na gode, yau ma sai da na ga biyu suna tasowa da safe ban kawo komai a raina ba.

Musa_Kumasi: Salam 'yan'uwa, ina bin ku daga nan Kumasi. Nan ruwan sama ya fi naku yawa, don haka maganar mahaɗa mun sha ta. Salatif ba ya hana ruwa, gam ɗinsa saki yake idan ya sha zafi da laima. Abin da nake yi: in haɗa silin da dalma, in sa robar nan da ke tsukewa idan an hura mata zafi, amma mai gam a ciki, wadda za ka ga gam ɗin ya ɗan fito ta baki idan ta kama. Kowane sili da tasa, sannan in sa babba ta rufe duka biyun. Kuma ba na yanka silin biyu a wuri ɗaya, ina gocar da su kamar tsawon yatsa, yadda ko robar ta huje ba za su taɓa juna ba.

Danladi_Wayarin: Malam Musa, dalma tana da kyau amma tana sandarar da waya, daidai inda dalmar ta ƙare nan take karyewa idan ana yawan motsa ta. Famfon tafki kuwa kullum cikin ciro shi ake a wanke. Ni na fi son mahaɗar da ake sayarwa mai murfi biyu da ake ɗaurewa, mai lamba IP68, wato wadda ke jure nutsewa cikin ruwa. Ka kwance, ka sa waya, ka ɗaure dunƙulen, roba ta matse wayar. Ranar da famfo ya mutu ka kwance ka sa sabo ba tare da yanka ba.

Musa_Kumasi: Haka ne, amma ita ma tana da sharaɗi. Robar cikinta waya mai zagaye take kamawa. Idan ka sa mata waya mai faɗi irin ta fitila, ko siraran waya biyu daban daban, gefe zai bar ƙofa ruwa ya bi. Kuma wayar famfon siririya ce, wadda za a ƙara mai kauri, sai an sami mahaɗar da za ta matse kowane ɓangare da girmansa.

Injiniya_Mai_Sola: Ku duka biyun kuna da gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne wurin da mahaɗar za ta zauna ya fi irin mahaɗar muhimmanci. Kada ta kwanta a ƙasa, kada ta shiga tafki ko da an rubuta IP68. A ɗaga ta a jikin bango ko turke, kamar kamu biyu daga ƙasa, cikin ɗan akwatin roba, wayoyin su shigo ta ƙasan akwatin. A bar wayar ta ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ta hau, yadda ruwan da ya biyo jikinta zai ɗiga a ƙasa maimakon ya gangara cikin mahaɗar. Wani abin da ba a cika sani ba, idan ruwa ya shiga ta yankakken baki yana iya bin tsakanin siraran silin a hankali har ya kai cikin famfon. Shi ya sa ba a yanka wayar kusa da jikin famfo. Alhaji a ina ka yanka taka?

Baban_Ilham: Kusa da taransfoma na yanka, kamar mita ɗaya daga jikinsa. Mita huɗun suna nan tare da famfon.

Injiniya_Mai_Sola: Alhamdu lillahi, ka yi daidai a nan.

Garba_Batir: Ni fa ina da wata dabara mai sauƙi. Akwai taransfoma mai ɗan sukurun da ake murɗawa a ƙara bolt. A sayi irinsa a murɗa zuwa 15, idan 3 sun zube a hanya 12 za su isa. Ba sai an canza waya ba.

Injiniya_Mai_Sola: Malam Garba, a takarda lissafin ya fita, amma ban ba da shawararsa ba. Asarar da ke cikin waya ba tsayayya ba ce, tana bin abin da famfon ke ja. Lokacin da yake jan amfiya 3 ne 3 ɗin ke zubewa. Da zarar ya ja ƙasa da haka, misali ruwa ya ja baya ya fara shan iska, asarar za ta ragu, sai wutar da ta fi ƙarfinsa ta isa gare shi. Waɗannan famfunan akwai ɗan allon lantarki a cikinsu da aka rufe da gam, idan ya ƙone ba ya gyaruwa. Ƙarin rabin bolt ba laifi idan wayar mai kyau ce. Amma a rufe ramin siririyar waya da ƙarin bolt 3, a'a.

Garba_Batir: To na ji. Amma ni nawa a kan batir yake kai tsaye, kuma batir idan yana caji ai yana kai 14 da wani abu, shekara biyu bai ƙone ba.

Injiniya_Mai_Sola: Akwai waɗanda aka yi su su jure haka, za ka ga an rubuta iyakar ƙasa da ta sama a jikinsu ko a kwalinsu. Kowa ya karanta nasa. Tun da ka ambaci batir, ina fatan akwai fiyus a kusa da kansa?

Garba_Batir: Gaskiya babu.

Injiniya_Mai_Sola: Don Allah ka sa yau. Bolt 12 ba ta cika jan mutum ba, shi ya sa ake raina ta, amma batir yana iya tura ɗaruruwan amfiya idan sili biyu suka haɗu. Wayar za ta yi ja, robar ta kama wuta tun daga tafki har ɗakin da batirin yake. Fiyus ɗin mota na amfiya 5 ya ishi famfo mai jan 3, a sa shi a silin fositif, tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba daga kan batir. Kuɗinsa bai kai na lemon kwalba ba.

Maman_Khalifa_Maradi: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayata ta ɗan kauce. Mu nan muna so mu haɗa irin wannan famfon da faifan sola kai tsaye ba batir, ya yi aiki da rana kawai. Zai yiwu?

Injiniya_Mai_Sola: Hajiya, faifan da ake kira na bolt 12 ba 12 yake bayarwa ba. Idan rana ta take yana aiki a wajen 18, in ba a jan komai kuma ya haura 21. Sai dai famfon da aka yi musamman don sola, ko a sa na'urar daidaita wuta a tsakani.

Abu_Kifi_Zariya: Kuma Hajiya ki tuna labarin Umman Sadiq a sama. Idan da kifi a ciki, daren ne ya fi buƙatar famfo. Idan na ado ne kawai ba kifi, to da rana ya wadatar.

Maman_Khalifa_Maradi: Akwai kifi kam. To sai mun nemi batir ke nan. Na gode.

Baban_Ilham: Jama'a na dawo da sakamako. Na ari mita wurin maƙwabcina. A bakin taransfoma famfo yana aiki, 12.1. A mahaɗar bakin tafki, 9.4. Da na cire famfon na sake aunawa a wurin sai ta nuna 12.2, kamar yadda Injiniya ya ce. Na kuma taɓa wayar inda take cikin inuwa, da ɗan ɗumi. Malam Sani na duba matatar ma, akwai ganye kaɗan, na wanke, ruwan ya ɗan ƙaru amma ba sosai ba. Na warware salatif ɗin mahaɗa ɗaya, kwana tara kawai amma har ya fara danshi a ciki.

Sani_Rigasa: To ka ga lissafin Injiniya ya fito kusan daidai. Allah ya ƙara basira.

Tijjani_Sabon_Gari: Alhaji kafin ka shiga kasuwa ga gargaɗi daga wanda ya shekara sama da goma yana sayar da kayan wuta. Ba duk wayar da aka rubuta wa 2.5 ce 2.5 ba, kuma ba duk mai launin jan ƙarfe ce jan ƙarfe ba. Akwai wadda cikinta alminiyom ne aka yi masa fenti da jan ƙarfe a sama. Alminiyom kusan kashi 60 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake ɗauka, ka ga 2.5 ɗinta ta koma kamar 1.5 ke nan. Ga shi kuma ba ta jure laima, ta fi saurin ruɓewa a mahaɗa. Yadda za ka gane: ka sa a yanko maka ɗan guntu, ka kankare sili ɗaya da wuƙa, idan fari ya bayyana a ciki ka ajiye musu. Ko ka kunna masa ashana, na gaske zai yi ja ya tsaya a miƙe, na bogi zai lanƙwashe ya faɗi nan take. A hannu ma za ka ji ta fi sauƙin nauyi. Mai shagon da ya hana ka gwadawa, ka wuce gaba.

Danladi_Wayarin: Wannan gaskiya ne Malam Tijjani. Ni an taɓa kawo mini nadi guda daga wani shago, rubutun jiki 4, da na fere robar sai na ga ita ce ta yi kaurin, ƙarfen ciki ko 2.5 bai cika ba. Aikin da na gama sai da na sake shi da kuɗina.

Baban_Ilham: Ina da ragowar wayar wayarin gida mai lamba 1.5 kusan nadi guda. Ba zan iya amfani da ita ba?

Danladi_Wayarin: Za ka iya ka ninka ta, biyu a fositif biyu a negatif, ya zama kamar lamba 3 ke nan, asarar ta dawo wajen bolt 0.7. Mita 80 za ta ci maka. Sai dai robarta ba ta rana ba ce ba ta ruwa ba, dole ta shiga cikin bututu daga farko har ƙarshe.

Injiniya_Mai_Sola: Zai yi aiki, amma sili huɗu masu tauri a cikin mahaɗa ɗaya wahalar rufewa gare su. Ni da za ka ji tawa, wayar sola mai lamba 4 za ka saya, ja da baƙa, mita 20 kowace. An yi ta don zama a rana, robarta biyu ce, silinta kuma an shafe su da kuza don kada su yi tsatsa. Launin ma zai taimake ka, domin famfonka DC ne, idan ka juya fositif da negatif wani ba zai tashi ba, wani kuma ƙonewa zai yi. Ka tabbatar da mita wane sili ne wane kafin ka haɗa, kada ka dogara da launin wayar kamfani kawai.

Tijjani_Sabon_Gari: Injiniya ni ina ganin 4 ta yi yawa ga famfon wat 36. Lamba 2.5 ta gaske za ta kai masa 11.2, kuma yawancinsu suna aiki lafiya a haka. Bambancin kuɗin ba kaɗan ba ne a mita 40.

Injiniya_Mai_Sola: Zai yi aiki a 2.5, ban musa ba. Abin da nake dubawa biyu ne. Lissafin da na yi na digiri 20 ne, turjiyar jan ƙarfe kuwa tana ƙaruwa da kusan kashi 0.4 cikin 100 a kowane digiri, wayar da ta yini cikin bututu a ranar Afrilu ta kai digiri 50 ta ƙara kashi 12. Sannan wanda ya yi tafki yau, gobe zai so fitila a bakinsa ko ƙaramin injin iska. Haƙa ramin sau ɗaya ake so a yi.

Hajiya_Umman_Sadiq: Maganar rami ta tuna mini. Alhaji kada ka binne waya tsirara. Mu nan gara da gafiya ba sa barin komai, ga mai shara da fartanya. Nawa yanzu cikin bututun roba yake, zurfin kusan santimita 40, kuma na sa an jera fasassun bulo a kansa kafin a mayar da ƙasa, duk mai haƙa zai fara cin karo da su. Bakin bututun biyu mun toshe don kada ruwa da ƙwari su shiga.

Musa_Kumasi: Wani abu ga masu niyyar saye nan gaba: idan kun san tafkin yana da nisa, ku nemi mai bolt 24. Wat 36 ɗin nan a 24 amfiya ɗaya da rabi ne kawai, a waya 2.5 asarar ba ta kai rabin bolt ba, cikin 24 kuwa ko kashi 2 cikin 100 bai cika ba.

Baban_Ilham: Da na san haka tun farko da shi na saya, Malam Musa. Yanzu dai na matsar da taransfomar zuwa tagar kicin ta ciki, na auna da igiya, daga can tazarar ta ragu zuwa mita 14. Injiniya, Malam Tijjani, a haka 2.5 za ta wadatar ko har yanzu 4 ɗin? Kuma a daren yau kafin in sayo, in bar famfon a kan siririyar wayar ko in kashe shi?

Tijjani_Sabon_Gari: A mita 14 asarar 2.5 ba ta kai bolt 0.6 ba. Ni dai ita zan ba ka.

Abu_Kifi_Zariya: Kada ka kashe shi da dare Alhaji. Yanke abin da ya yi saura na siririyar wayar tun da tazarar ta ragu, ka ɗaga mahaɗar daga ƙasa, ka cire kan feshin don ruwan ya fito ba takura, ya zubo daga ɗan tudu. Ka leƙa su kafin sallar asuba, ka ajiye bokiti a kusa.